Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga limamai da malaman Damagaram: akwai tambayoyin da ba sa iso muku

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Takardar nan daga ɗanku ce, malamin lakwal mai koyar da falsafa a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a nan Damagaram. Na wanke allo a Birni tun ban san ƙofar lakwal ba, kuma har gobe bayanku nake bin sallar Juma'a. Na faɗi haka ne don kada a ce baƙo ne ya leƙo ta katanga. Na rubuta a fili kuma saboda maganar ba ta malami ɗaya ba ce, ta shafi mai zaure da mai mumbari da mai wa'azi a rediyo, ta shafi na ɗarika da na Izala baki ɗaya.

Yaranmu, har da wasu manyan, suna ɗauke da tambayoyi a kan addininsu waɗanda suke tsoron kawo muku.

Na san za ku ce ai kullum cikin amsa tambaya kuke. Haka ne. Duk wanda ya zauna tafsirin azumi ya ga yadda takardu ke taruwa a gaban alaramma, wanda ya kunna rediyo kuma ya ji waya ba ta hutawa. Amma ku duba abin da ke cikin takardun. Na manta sujada ɗaya, ƙabli zan yi ko ba'adi? Allura tana karya azumi? Mijina ya ce in na fita a bakin aurena, na kuwa fita. Kuɗin adashi akwai zakka a kansu? Duka tambayoyin yaya ake yi ne. Tambayar don me, ita ce ba ta isowa. In Allah ya riga ya rubuta ɗan wuta, don me za a kama shi da laifi? Shekara da shekaru ina roƙo, ina amsar take? Maƙwabcinmu Kirista da ya kai tsohuwata likita da tsakar dare, ina makomarsa? Abin da mushe, wato malamin lakwal, mai koyar da kimiyya ya faɗa a kan shekarun duniya, yaya zan haɗa shi da abin da na ji a islamiyya? Irin waɗannan ba sa hawa takarda. A fada, wurin hirar samari, ake jin su bayan an sha shayi na uku, da murya ƙasa-ƙasa, ko kuma su mutu a ƙirji.

Wata ɗalibata, yarinya mai natsuwa wadda ta sauke Alƙur'ani, ta kawo mini aikin gida a kan ƴancin zaɓin ɗan Adam. A bayan takardar ta yi rubutu da fensir, ƙanana-ƙananan baƙaƙe, da Hausa ba da Faransanci ba: “Mushe, in tunani ya zo mini cewa wa ya halicci Allah, na kafirta ke nan? Don Allah kada ka gaya wa kowa.” Ta goge ta sake rubutawa har wurin ya kusa hujewa. Da aka tashi na tsayar da ita a bakin aji. Ta ce ta daɗe a haka, duk sanda tunanin ya faɗo mata sai ta tashi ta yi wanka ta sake kalmar shahada, ko da tsakar dare ne, a garin nan da kowa ya san yadda ake wahalar ruwa. Uwarta na faɗan ɓarnar ruwa, ita kuwa ba ta iya buɗe baki ta ce ga dalili. Malamar islamiyya ma ba ta sani ba.

Abin da na ba ta ba daga falsafar Turawa na ɗauko shi ba, daga littattafanku ne. Na gaya mata hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci wannan tambayar da kanta, ya ce Shaiɗan zai zo wa ɗayanku yana cewa wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya ce wa ya halicci Ubangijinka, wanda ya kai nan ya nemi tsarin Allah ya tsaya. Na gaya mata na Muslim, inda wasu sahabbai suka zo suka ce suna jin abubuwa a ransu waɗanda faɗarsu ta yi musu girma, Annabi bai kore su ba, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Sai wanda ke cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya, muddin ba a furta ba, ba a aikata ba. Yarinyar ta yi shekaru a islamiyya, ta haddace abubuwan da ke warware Musulunci ɗaya bayan ɗaya, amma waɗannan hadisan uku ba ta taɓa jin ko ɗaya ba.

Allah gafarta malamai, nan ne tsoron ya samo asali. Ana koya wa yaro rabin magana. Yana jin cewa ridda tana kashe aure, tana hana gado, tana hana a sallaci mutum a kai shi maƙabartar Musulmi. Ba ƙarya aka yi masa ba, yana nan a fiƙihun Malikiyya. Amma ba wanda ya zaunar da shi ya shata masa iyaka, ya ce wannan waswasi ne, wannan tambayar mai neman sani ce, wancan can nesa shi ne ƙin gaskiya da gangan. Tunda bai san inda iyakar take ba, sai ya ɗauka tana nan gab da ƙafarsa. Na san magidanci, mai sayar da kayan babur, da ya yi kwanaki yana ƙaurace wa ɗakin matarsa don yana zaton wani tunani da ya ratsa masa a cikin salla ya kashe aurensu, kuma kunya ta hana shi tambaya.

Ga shi kuma tarbiyyarmu ta ƙara wa abin nauyi. An raine mu a kan yaro ba ya tsare babba da ido, balle da tambaya. A zaure Malam ya karanta, ɗalibi ya ce na'am. Wanda ya ce “Malam, ban gamsu ba,” kafin Malam ya buɗe baki manyan ɗalibai sun harare shi, an ce ƙure ya zo yi. Ladabi abu ne mai kyau, ni ma ba na son ɗalibi marar kunya. Sai dai mun haɗa girmama malami da girmama Allah mun ƙulle wuri ɗaya, har yaro ya kasa bambance jayayya da Malam wane da jayayya da Ubangiji. In ya ji wata fassara ba ta shige shi ba, ba ya cewa wataƙila Malam ne bai kai ba, sai ya ce imanina ne ya yi rauni.

A garin nan ba kotu ake tsoro ba, bakin unguwa ake tsoro. Tambaya ɗaya a gaban wanda bai dace ba, kafin la'asar ta kai kunnen mahaifi, kafin sati ta kai gidan da ake neman aure. “Boko ya lalata shi.” “Ya fara bin arna.” Saurayi zai iya jurewa ya koma fada. Budurwa fa? Sunan da aka laƙaba mata da shi za ta tsufa. Matar da ɗanta ya rasu, zafi ya sa ta ce “me na yi wa Allah,” ba ta rufe baki ba mata sun taso mata da “yi istigfari, kin yi saɓo.” Za ta yi istigfarin, amma tambayar tana nan inda take, an dai ƙara mata da jin cewa ita mai laifi ce a ranar da ta fi bukatar a rarrashe ta.

Rabuwar kawunanmu ma ta sa hannu, kuma ku gafarce ni in faɗe ta yadda take. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, muhawarar ta tsallako iyaka ta shigo masallatanmu, tambaya ta zama alamar sauya sheƙa. Ɗan gidan ɗarika ya tambayi hujjar wazifa, a ce an fara yi masa huɗuba. Ɗan Izala ya tambayi abin da ya sa manyan malamai da yawa suka halatta maulidi, a ce ya fara narkewa. Kowane ɓangare yana yaba wa yaron ɗaya ɓangaren in ya yi bincike, yana hana nasa. Yaran sun gane wannan sarai, ba wawaye ba ne.

Ku haɗa da abin da suke gani a waya. Duk mai waya a Damagaram ya bi shari'ar Abduljabbar Nasiru Kabara a Kano, malamin da aka tuhuma da ɓatanci ga Annabi, daga muƙabalar da aka yi a watan Yulin 2021 har hukuncin kisan da kotun shari'a ta yanke a Disamban 2022. Ba na shiga hukuncin, ba fagena ba ne. Abin da ya shafe ni shi ne darasin da ɗan shekara 17 ya ɗauka daga ciki. Bai san matakan hadisi ba, bai san abin da ake kira ɓatanci a shari'a ba. Abin da ya gane kawai shi ne akwai wuraren da in harshe ya taɓa, wuya ne ke biya, kuma bai san daga ina suka fara ba. Saboda haka ya kama bakinsa gaba ɗaya.

Amma duk waɗannan na waje ne. Akwai wanda ya fi su, wanda ko a ɗaki shi kaɗai mutum yana jin sa. Addini a wurinmu ba ra'ayi ba ne da za a sauya kamar jam'iyya. Shi ne addu'ar da uwa ta tofa maka kana jariri, shi ne abin da ya sa ka iya tsayawa a bakin kabarin mahaifinka ba ka zauce ba, shi ne fatan talaka cewa akwai ranar da za a bi masa haƙƙinsa. Mai tambaya yana tsoron kada ya tambaya a rasa amsa, ya wayi gari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. To in ya yi ƙarfin hali ya zo, aka ce masa “a'uzu billahi, ba a wannan tambayar,” me ya koya? Ya koyi cewa abin da yake tsoro gaskiya ne, babu amsa, Malam ma gudu yake. Tsawar da aka yi don a kare masa imani, ita ce ta tabbatar masa da shakkar. Duk wanda ya zauna gidan ƙasa ya san in bango ya tsage aka shafe da farar ƙasa ba a yaɓe ba, damina ce za ta tona.

Na san hujjojinku, kuma ba na raina su. Akwai aya ta 101 a Suratul Ma'ida da ta hana tambayar abubuwan da in an bayyana su za su ɓata rai. Akwai amsar Imam Malik ga wanda ya tambaye shi yadda Allah ya daidaita a kan Al'arshi, inda ya ce tambaya a kan haka bidi'a ce. Akwai kuma masu zuwa da gaske don su ƙure malami a yi dariya, na gan su, wasu a ajina suke. Sai dai malaman tafsiri sun kawo dalilin saukar waccan aya, irin mutumin da ya nace ko hajji kowace shekara ne, da wanda ya tashi yana tambayar wane ne ubansa. Wannan daban da kukan wanda zuciyarsa ke ƙuna. Imam Malik ma sai da ya ba mutumin amsa, ya rarrabe masa abin da aka sani da abin da hankali ba ya kai wa, kafin ya tsawata. Mu tsawar kaɗai muka gada.

Imam Maziri, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1141, ya warware wannan tun tuni a sharhinsa na wancan hadisi. Ya ce tunani iri biyu ne. Akwai mai giftawa, wanda ba wata shubuha ce ta kawo shi ba, maganinsa a kau da kai. Akwai kuma wanda ya zauna daram saboda wata shubuha, wannan ba ya tafiya sai da hujja da nazari. Ɗalibata ta farkon take fama da shi, hadisi uku sun wadace ta. Amma ɗalibin jami'ar André Salifou da ya karanta littafi ya ci karo da hujjar da ta tsaya masa a wuya, na biyun ne, kuma ba a yi masa maganin na farko. Ko ya yi ta'awwuzi dubu, gobe hujjar tana nan tana jiransa.

Ni abin da ke ba ni mamaki, littafin da muka fara da shi bayan allo bai san wannan tsoron ba. Ahalari da gyara imani ya buɗe, a shafinsa na farko kuma ya ce bai halatta mutum ya aikata abu ba sai ya san hukuncin Allah a kai, ya tambayi malamai. Alƙur'ani ya kawo mana mala'iku suna tambayar hikimar sanya halifa a bayan ƙasa, a aya ta 30 ta Baƙara. A aya ta 260 Annabi Ibrahim, badaɗin Allah, ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu. Aka ce ba ka yi imani ba ne? Ya ce na yi, don dai zuciyata ta natsu. Aka kuwa nuna masa. Kowace shekara kuna fassara mana wannan aya a azumi, mu yi kabbara. Da wani saurayi daga Garin Malam zai miƙe a wurin tafsirin ya ce shi ma ya yi imani amma zuciyarsa ba ta natsu ba, anya zai fita da takalmansa?

Imam Gazali da muke kira Hujjatul Islam, da alƙalaminsa ya rubuta cewa shakka ta kama shi kusan wata biyu, har ya kasa amincewa da abin da idonsa ke gani, kuma tun yana yaro ya lura ɗan Kirista Kirista yake tashi, ɗan Bayahude Bayahude, ɗan Musulmi Musulmi, abin ya dame shi. Mutumin da ya koyar a Nizamiyya ta Bagadaza ke nan, bai ɓoye ba, kuma al'umma ba ta jefar da shi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ko da yake Damagaram Barno ta bi ba Sakkwato ba, littattafansa suna zaurukanmu, ya yi ta yaƙi da ɗaliban zamaninsa masu kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba. Su sun matsa wa mutane don ba su san hujja ba, mu muna matsa musu don sun nemi hujjar.

Kada ku ɗauka shirun nan lafiya ce. Tambayar da ba ta zo zaure ba tana tafiya TikTok da Facebook, can kuwa mutum biyu ke jiran ta. Ɗaya mai yi wa addini ba'a da Faransanci mai santsi, wanda zai ce wa yaron ai ga shi, malamanku ba su da amsa. Ɗayan mai amsa kowace tambaya da yanke hukunci, wanda ba ya taɓa cewa wataƙila, mai kafirta kowa har ku. Mun ga inda irin wannan ta kai maƙwabtanmu na Diffa da Bosso tun daga harin Boko Haram na Fabrairun 2015. Kuma ba sai mun je nesa ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin wata jarida a Faransa, a garin nan aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa da Nijar, aka rasa rayuka. Fushi a kan taɓa mutuncin Annabi kowane Musulmi ya ji shi, ni ma na ji. Amma mutum nawa ne a ranar suka raya a ransu cewa me ya haɗa maƙwabcinmu da jaridar Paris, suka haɗiye don kada a kira su munafukai? Wanda aka horar ya ji tsoron tambaya a kan aƙida, ba zai iya tambaya ba ranar da aka ce masa tashi mu je da sunan addini.

Roƙona ba mai yawa ba ne. Ku ware huɗuba guda, a masallatan Juma'a na Birni da Zango da Sabon Gari da sauran unguwanni, ku karanta wa mutane waɗancan hadisan uku da Hausa, ku faɗa da bakinku cewa tunanin da ya faɗo wa mutum bai fitar da shi daga Musulunci ba, bai kashe masa aure ba. In ni na faɗa, mushen falsafa ne ya faɗa, ana iya cewa da ma. In Liman ya faɗa a kan mumbari, akwai waɗanda a daren za su yi barcin da suka daɗe ba su yi ba.

Sannan a samu hanyar da tambaya za ta iso ku ba suna. Akwati a bakin masallaci ya isa, amma Malam da kansa zai buɗe, ba yaran Malam masu tace takardu su yar da wadda suka ga ta yi nauyi ba. A islamiyyun mata a samu malama da aka san ba ta kai magana gida. Nana A'isha ta yabi matan Madina da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, mu kuwa namu kunya da tsoro sun haɗu sun rufe musu baki. Wanda kuma ya zo muku da ƙafarsa, don Allah abin ya tsaya tsakaninku. Kada ya iso gida ya tarar labari ya riga shi.

Na ƙarshen shi ne mai wuya, na sani, domin a garin da malamai ke gasar mabiya, faɗarsa kamar ba da kai ne. Ku riƙa cewa “ban sani ba.” An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, kuma mazhabarsa muke bi daga nan har ƙasashen Magrib na arewacin Afirka. Yaron da ya ji Malam ya ce wannan ban sani ba, bari in duba, ko kuwa wannan malamai sun yi saɓani, ko wannan hankali bai kai ba amma ga inda ni na tsaya da dalilina, zai gane ana iya riƙe imani da tambaya a hannu. Zai kuma dawo da ta biyu.

Mu ma malaman lakwal da namu aikin, don akwai a cikinmu masu jefa wa yara shakka su tafi su bar su da ita, wannan kuwa zalunci ne. Shi ya sa nake neman mu haɗu. Ina da littafi guda da na kwafe tambayoyin da ɗalibai suka ba ni a ɓoye, ba suna, ba aji, ba unguwa. Wasu na iya amsawa, da yawa sun fi ƙarfina, na fiƙihu ne da tauhidi da tafsiri, naku ne. Duk malamin da ya yarda ya duba, ya sa a yi sanarwa bayan sallar Juma'a, zan kawo masa har zaure in zauna a ƙasa in karanto masa.

In na yi kaushin harshe a wani wuri, ku yafe wa ɗanku.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
wani malamin lise, Damagaram